Tausar Jariri a Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye a Zangunan Kumasi

Da wuya a haifi yaro a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a rasa mai shafa masa mai bayan wanka. Kaka na yi, gwaggo na yi, in babu su maƙwabciya ta karɓa. Saboda haka ba baƙon abu za a koya wa kowa a nan ba. Abubuwa uku ne a cikin abin da muka gada suke son a sake dubawa: nauyin hannu, zafin ruwa, da irin abin da ake shafawa. Tambayoyin nan su ne aka fi ji a bakin masu jego a layin awon yara da gidajen suna. Amsoshin kuwa na lafiyayyen jariri ne da ya cika watanninsa, sai inda aka ambaci bakwaini.

Me ake nufi da tausar jariri? Ba ita ce wadda tsofaffi ke yi wurin wanka ba?

Danginta ce, amma da bambanci. Ta wurin wanka yawanci cikin sauri ake yinta, yaro na tsala ihu, ana murza gaɓoɓi, ana lanƙwasa hannu zuwa baya, ana danna kai da tsumma mai zafi don a "gyara" jikin. Wadda muke magana a kai shafa ce a hankali da tafin hannu, yaro na farke, hankalinsa a kwance, kina kallon fuskarsa kina yi masa magana. Ba a neman sauya siffar komai a jikinsa, kuma da ya nuna ba ya so, an bari ke nan.

Da gaske tana da amfani, ko dai wani sabon yayi ne?

Tana da shi, sai dai bai kai yadda masu tallar man jarirai ke zuzutawa ba.

Shaida mafi ƙarfi daga wajen bakwaini ta fito. A 1986 wata mai bincike a Amurka, Tiffany Field, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ɗakin jinyar jarirai: ana tausa su minti 15, sau 3 a rana, har kwana 10. Waɗanda aka tausa sun fi 'yan uwansu ƙara nauyi da kashi 47 cikin 100 a kowace rana, kuma an sallame su da wuri da kimanin kwana 6. Jariran ba su da yawa a gwajin, amma shi ya buɗe ƙofa, aka yi ta wasu a bayansa.

Ga jaririn da ya cika wata tara kuwa, maganar ba ta kai haka ƙarfi ba. A 2013 masanan ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, sun tattara bincike 34 kan jarirai 'yan ƙasa da wata 6, suka ga da yawansu ba a tsara su da kyau ba, don haka suka ƙi yanke cewa tausa na sa lafiyayyen yaro girma ko kaifin ƙwaƙwalwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin shawarwarinta na kula da uwa da jariri bayan haihuwa, amma da taka-tsantsan: ta ce ana iya yin tausa mai laushi ga lafiyayyen jariri saboda amfanin da mai yiwuwa take da shi ga girmansa. "Ana iya" ta ce, ba "dole" ba.

A ganina babban amfaninta wani abu ne da ba ya hawa sikeli. Uwar da ke bin jikin ɗanta da hannu kullum, gaɓa-gaɓa, cikin haske, ita ce za ta fara ganin idon da ya soma yin rawaya, ko ƙurji a matsematsi, ko hannun da ba ya motsi kamar ɗayan. Ta kuma koyi bambanta kukan yunwa da na gajiya tun kafin arba'in. Yawancin yara suna natsuwa bayanta, wasu barci ya ɗauke su. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Yaushe zan fara?

Ranar haihuwa ba a tausa, ba a ma yin wanka. Shawarar asibiti ita ce a jinkirta wankan farko har bayan awa 24, a goge yaro kawai, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ba shi nono. Farin maiƙon nan da ake haifar yaro da shi kariya ce ga fatarsa, kada a kankare shi.

A makonnin farko shafa kaɗan ta wadatar: ƙafafu, hannaye, baya, minti biyu ko uku. Ciki sai cibiya ta faɗi, wurin ya bushe sarai. Cikakkiyar tausa daga kai zuwa ƙafa ta fi kyau bayan wata guda zuwa arba'in, lokacin da yaro ya fara daɗewa a farke yana bin fuska da ido.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma minti nawa?

Lokacin da ba ya jin yunwa, bai kuma cika ciki ba. Ki bar kamar minti 45 bayan shan nono, in ba haka ba tumbuɗi zai biyo baya. Wasu sun fi son hantsi, wasu bayan wankan yamma kafin magariba. Ki zaɓi wanda gidanku ya fi yin shiru. A gidan haya mai ɗakuna goma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma bayan 'yan makaranta sun fita ana samu. Minti 5 zuwa 10 ya isa. A kashe fanka, a rufe taga in hunturu ne, domin jariri tsirara yana saurin yin sanyi fiye da yadda babba ke zato.

Wane mai zan yi amfani da shi? Man kaɗe ya yi?

Man kaɗe shi ne namu, daga Tamale da Wa da Bolga yake saukowa, ba a rasa shi a Kejetia ko kasuwar Asawase, kuma yana narkewa da ɗumin tafin hannu. In mai kyau ne, babu laifi. Ki nemi wanda ba a haɗa shi da turare ko wani abu ba, ki shinshina: in yana warin tsami ko ya daɗe a buɗe ƙura na hawa, ki bar shi. Ki ɗebi na jariri daban a ƙaramin mazubi mai murfi, kada ya zama kowa a gidan na tsoma yatsa. Man kwakwa mai tsabta shi ma ana amfani da shi. Kowanne ne, ki fara shafa ɗan kaɗan a ƙwaurinsa, ki duba washegari. In wurin ya yi ja ko ƙuraje, wannan man ba nasa ba ne.

Man zaitun zai ba mutane mamaki, don muna girmama shi. Amma a wani gwaji da aka yi a Manchester ta Ingila kan jarirai 115 na tsawon mako 4, an ga waɗanda ake shafa wa man zaitun, har da na man furen rana, fatarsu ta yi laushi amma garkuwarta ta sama ta yi jinkirin ƙwari idan aka kwatanta da waɗanda ba a shafa wa komai ba. Don haka a watan farko, musamman in akwai masu ƙaiƙayin fata ko asma a dangi, gara a rage mai gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a riƙa lafta wa lafiyayyen jariri mai kullum don rigakafin ciwon fata ba. Ana iya tausa da hannu kawai.

Abubuwan da ba sa taɓa jikin jariri: Robb da duk wani mai yaji da ke ɗauke da kafur ko mantoli, domin suna shiga ta fata kuma suna takura numfashi; man habbatus sauda da mai mai ƙamshi mai ƙarfi; man gyaɗa, musamman a fatar da ta tsage; hoda, saboda yana shaƙarta. Sai ƙwayoyin kafur ɗin nan farare da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri don kyankyaso. Yara da yawa a yankinmu, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, kuma warin waɗannan ƙwayoyi a jikin riga yana iya farfasa musu jini ya kawo ciwon shawara mai tsanani. A fitar da su daga akwatin, a sake wanke kayan.

A lokacin zafi da gumi, in ƙurajen zafi sun feso a wuya da baya, a dakatar da mai. Ƙara toshe fatar yake yi.

To yaya ake yinta?

Ki wanke hannu, ki cire zobe da awarwaro, farce a yanke. Ki shimfiɗa tawul a kan tabarma ko katifa a ƙasa, ko ki miƙe ƙafafunki ki kwantar da shi a kai rigingine kamar yadda iyayenmu ke yi, kansa wajen ƙafafunki yana kallonki. Kada a kan tebur ko bakin gado: jariri mai mai a jiki yana da santsi. Ki yi bisimilla, ki murza man a tafinki har ya yi ɗumi, ki kira sunansa. Bayan 'yan kwanaki zai gane wannan ƙarar murza hannun, ki ga ya fara wutsil-wutsil.

Da ƙafafu ake farawa, domin nan ne yara suka fi yarda a taɓa. Ki riƙe dunduniya da hannu ɗaya, ɗayan ya zagaye cinya ya sauko a hankali har idon sawu, sau huɗu ko biyar, ki sauya. Ki bi tafin ƙafa da babban yatsanki daga dunduniya zuwa yatsu, sannan ki ɗan murza kowane yatsa. Ba a ja sai ya yi ƙara.

Ciki yana da ƙa'idarsa. Babban hanji yana hawa ta gefen damansa, ya ratsa ta saman cibiya, ya sauka ta hagunsa. Hannunki ma haka zai bi: ki fara daga ƙasan cikinsa ta wajen hagunki, ki hau, ki ratsa ƙarƙashin haƙarƙari, ki sauko ta damanki, wato yadda hannun agogo ke juyawa. Da tafin yatsu, ba da tsininsu ba. Daga nan ki haɗa gwiwoyinsa biyu ki kai su cikinsa a hankali, ki ƙirga zuwa biyar, ki saki. In tusa ta fita, aiki ya yi.

Ƙirji: tafuka biyu a tsakiya, ki buɗe su zuwa kafaɗu. Hannaye kamar ƙafafu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ki buɗe tafinsa in ya yarda, sannan ki goge masa mai daga yatsu domin baki za su. Fuska ba ta son mai da yawa. Manyan yatsunki biyu daga tsakiyar goshi zuwa gefe, daga gefen hanci zuwa kumatu, ya wadatar, kuma yara da yawa ba sa son a taɓa musu fuska sam.

Ƙarshe ki kifa shi a cinyarki ko a kan tawul, kansa a juye gefe, ki shafo daga kafaɗa zuwa ɗuwawu ta gefe biyu na ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba. Wannan kifawar tana ƙarfafa masa wuya. Amma in barci ya zo, a mayar da shi rigingine cikin gidan sauro. Jariri ba ya barci rub da ciki.

Nauyin hannu fa? Kada ya yi sauƙin da zai zama cakulkuli, don yana ɓata musu rai. Kada kuma ya zama irin na mai tuƙa tuwo. In fatar ta yi ja ko shatin yatsa ya fito, hannun ya yi nauyi.

Ta yaya zan san ba ya so?

Zai kau da kai, ya banƙare baya, ya sandare ƙafa, ya yi ta hamma ko shaƙuwa, ko ya fara kuka. Ki tsaya, ki ɗauke shi. Gobe ma rana ce.

Ɗana yana kuka sosai daga la'asar zuwa dare, yana naɗe ƙafa. Tausa za ta warkar da shi?

Za ta iya rage masa, ba za ta kawar ba. Irin wannan kuka yakan fara wajen mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na 6, ya tafi da kansa a wata na 3 zuwa na 4, kuma yaron na shan nono yana ƙiba. Dabarar ita ce a yi tausar ciki tun da rana, kafin lokacin kukan. Da ya fara, ciki ya riga ya ɗaure, taɓawa ƙara fusata shi take. Goyo da jijjigawa a hankali da sa shi gyatsa sun fi amfani a lokacin.

Kada a ɗura masa jiƙo ko ruwan tsimi ko zuma, kada kuma a yi masa bentuwa, wato ɗurin ruwan citta ko barkono ta dubura, abin da har yanzu ake yi a wasu gidajen garin nan. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. In kuma ciki ya kumbura ya yi tauri yana sheƙi, ko yana amai kore, ko da jini a kashinsa, wannan ba na tausa ba ne. A tafi asibiti a daren.

Kakarsa tana gasa masa kai da ruwan zafi don ya yi kyau, maɗiga kuma ta rufe da wuri. Akwai laifi?

Akwai, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a nan.

Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, hikimar Allah ce don kai ya iya ratsa hanyar haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Shi ya sa ake haifar wasu da dogon kai ko karkatacce, kuma cikin 'yan kwanaki ya koma daidai ba tare da an taɓa ba. Tsofaffi na gasawa, kai na gyaruwa, sai a ce gashin ne ya yi. Wanda ba a gasa ba ma haka nasa ke gyaruwa. Maɗiga tana rufewa da kanta, yawanci tsakanin shekara guda da wata 18. Babu ruwan zafi ko haɗin ganye da ke gaggauta ta, kuma ba a ma son ta rufe da wuri.

Abin da gashi ke iya yi shi ne ƙuna. Fatar jariri ta fi ta babba sirantaka nesa ba kusa ba, hannun dattijuwar da ta shekara hamsin tana sauke tukunya daga murhu kuwa ba ya jin zafin da zai sale yaro. Ruwan wankan jariri ɗumin jiki ne, wajen digiri 37. A gwada da gwiwar hannu: in kin ji zafi, ya yi masa yawa.

Ita maɗiga abin dubawa ce. In ta faɗa ciki ga yaro mai zawo ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. In ta kumbura ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, musamman da zazzaɓi, alamar ciwo ce a kai. Duka biyun na asibiti ne nan take. Liƙa mata magani ɓata lokaci ne.

In ƙeya ta baje ta gefe ɗaya saboda kwanciya, a riƙa sauya ɓangaren da yake fuskanta, a yawaita kifa shi yana farke ana kallonsa. Goyo ma yana taimakawa.

Cibiya fa? Ana gasa ta ko shafa mata man kaɗe don ta faɗi kafin suna?

A'a. Cibiya ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa jinin yaro. Man kaɗe, gishiri, toka, man goge baki, ƙasa, duk hanyar shigar ƙwayar cuta ce, har da ta sandarewar jarirai. Abin da nas ta ba ki kaɗai za ki sa, ki bar wurin a bushe, ki naɗe bakin famfas ƙasa da ita. Tana faɗuwa tsakanin kwana 5 zuwa 15, kuma suna ba ya ɓaci don ba ta faɗi ba. In gindinta ya yi ja, ko tana wari ko ruwa, a kai shi.

Cibiyar da ta turo waje bayan ta warke tana da yawa a yaranmu, akasari tana komawa kafin shekara 4 ko 5. Ɗaure kwabo a kai ba ya mayar da ita.

Nonon jaririyata ya kumbura, har da ɗan ruwa. An ce a matse.

Kada a matse, kada a gasa. Sinadaran jikinki ne da suka ratsa zuwa gare ta tun tana ciki, maza ma suna yi, kuma yana sacewa cikin 'yan makonni. Matsawa ce ke sa ya yi ƙurji har a kai ga tsagawa. Wurin tausa ki zagaye shi.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba a miƙar da ƙafafun yanzu ba, ba za su yi baka ba?

Karin maganar na tarbiyya ne, ƙashi bai shiga ciki ba. Kusan kowane jariri ƙafarsa na da ɗan lanƙwasa saboda zaman ciki, tana miƙewa da kanta in ya fara tafiya, wajen shekara 2. Ja da ɗaure ƙafafu a miƙe tamau yana iya cutar da gaɓar ƙugu. Haka ɗaga yaro da hannu ɗaya, ko riƙe shi ta ƙafa kai a ƙasa, ko cilla shi sama bayan wanka wai don ya cire tsoro: wuyansa bai riƙe kansa ba tukuna, kuma girgiza mai ƙarfi na iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa.

Akwai lanƙwasar da ba ta tafiya da kanta. Tafin ƙafar da aka haifa a murɗe ciki ana gyara shi da filasta a asibiti, kuma a makonnin farko ya fi sauƙi. Hannun da ya saki ba ya motsi bayan haihuwa mai wuya, ko wuyan da kullum gefe ɗaya yake karkata, na masu gashin ƙashi na asibiti ne. Su za su nuna miki irin motsin da za ki riƙa yi masa a gida.

Bakwaini na haifa. Zan iya tausa shi?

Sai da izinin waɗanda ke duba shi, kuma su nuna miki da hannunsu. Fatarsa ba ta nuna ba, yana saurin yin sanyi, shafa mai yawa tana gajiyar da shi. Ga irinsu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa mai, kuma man furen rana da na kwakwa su ne aka fi gwadawa.

Amma abin da ya fi tausa a wurinsa shi ne goyon ƙirji: a kwantar da shi tsirara, da hula da famfas kawai, tsakanin nonuwanki, fata da fata, a ɗaure da zani, awanni masu yawa a yini da dare. A Bogota ta Kolombiya aka fara wannan a 1978. Kuma asibitinmu na Komfo Anokye yana cikin asibitoci biyar, tare da na Najeriya, Indiya, Malawi da Tanzaniya, da aka yi babban gwajin da ya fito a 2021. An ga cewa jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8 da aka fara yi wa goyon ƙirji nan da nan bayan haihuwa, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 25 cikin 100. Uba ko kaka na iya karɓarki ki huta.

Yaushe ne ba a tausa sam?

In yana zazzaɓi, ko zawo da amai, ko akwai ƙurji mai ruwa ko rauni a fata. Sannan akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: ya ƙi kama nono, jijjigar jiki kamar ta farfaɗiya, numfashi da sauri, 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirji na lotsawa, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, rawaya a ranar farko, ko wadda ta kai tafin hannu da na ƙafa. Wasu a nan sukan ce ai abin da maƙwabtanmu Asante ke kira asram ne, ba na asibiti ba ne, a nemi mai ganye. Kwana biyun da za a ɓata wajen mai ganye su ne jariri ba shi da su. Asibitocin Manhyia da Tafo da Komfo Anokye duk suna kusa, lambar gaggawa kuma 112 ce.

Ƙari ɗaya: in yaro ɗan wata shida ko fiye ya tashi bayan hannu ko ƙafa sun kumbura, yana ihu in an taɓa, kada a murza. Sau da yawa wannan ce alamar farko ta sikila. Kimanin jariri 1 cikin 50 a Gana da ita ake haifarsa, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. In ba a gwada naki ba, ki tambaya ranar awo.

Bayan allurar rigakafi ko kaciya fa?

Ranar allurar mako 6, 10 da 14 ki bar cinyoyin su huta kwana biyu, ba a murza wurin, ba a gasa shi. Ɗan ƙurjin da allurar tarin fuka ke fitarwa a kafaɗa bayan 'yan makonni shi ma ba a matsa shi ba a shafa masa komai. Bayan kaciya ko askin suna, mai ba ya zuwa kusa da rauni ko inda askar wanzami ta ɗan yanka sai abin da ma'aikacin lafiya ya ce.

Ni uba ne. Ya dace in yi?

Ƙwarai kuwa, Malam. Nono ba naka ba ne, amma wannan kana iyawa. Minti goma bayan isha'i ko kafin ka fita kasuwa, uwar ta samu ta yi wanka a natse. Hannun mai aikin ƙarfe a Suame ko mai ɗaukar kaya yana da kaushi, sai ka fara shafa wa naka tafin mai, ka kuma rage ƙarfi fiye da yadda kake ganin ya isa.

Surukata ce ke yi masa wanka, kuma ba na son in ɓata mata. Yaya zan yi?

Kada ki ce mata ba ta iya ba. Ta raini mijinki har ya girma, kuma zuwanta wankan jego alheri ne da wasu ke nema ba su samu ba. Ki jingina maganar ga asibiti: "Mma, nas ta ce fatarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna, wai a riƙa gwada ruwan da gwiwar hannu. Bari in surka miki." Ki zama ke ce mai haɗa ruwan kullum, rabin matsalar ta ƙare. Ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji da kunnenta. Abin da ya gagara, kamar gashin kai, ɗanta ne ya kamata ya faɗa mata, su biyu, ba a gaban mutane ba. Shafa man da waƙar rarrashi kuwa ki bar mata, ta fi ki iyawa.

Akwai man da zai sa ya riƙe hasken da aka haife shi da shi?

Babu, kuma kada a nema. Kusan duk jariranmu da haske ake haifarsu, launinsu na gaskiya yana fitowa a watannin farko. Mayukan da ake haɗawa a kasuwa don haske sukan ƙunshi magunguna masu ƙarfi da ke sirantar da fata su ratsa cikin jini, jikin jariri kuwa ya fi na babba zuƙa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana mayukan bilicin masu sinadarin haidrokwinon tun 2016, amma har yanzu suna yawo. Haka man ƙaiƙayi na bututu da ake saye a kemis a zuba cikin man kaɗen yaro: in ba likita ya rubuta ba, a bari.

Ni kaina ba na jin daɗi tun da na haihu. Ko ɗaukarsa ba na marmari. Tausa za ta taimaka?

Tana iya taimakawa wajen sabo tsakaninku, ko da ƙafafu kawai za ki shafa na minti biyu. Amma in baƙin ciki da kuka da rashin barci sun wuce mako biyu, wannan ciwo ne sananne, ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin son ɗa ba. A ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 tana fama da shi bayan haihuwa. Ki faɗa wa ungozomar asibiti ranar da kika koma, ko ki sa mijinki ko 'yar uwarki su faɗa. Ana maganinsa.

Har zuwa yaushe ake yi?

Har ya ƙi tsayawa. Da ya fara birgima da rarrafe, wajen wata 6 zuwa 9, ba za ki ƙara samun minti goma a jere ba. Sai ki koma ƙafafu yana zaune a cinyarki, ko baya in ya zo barci. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a ƙara man kaɗe a ƙwauri da dunduniya da kumatu ko da ba tausa za a yi ba, a kuma rage yawan sabulu wurin wanka.